Haƙuri Ba Ya Hana Neman Haƙƙi



Wata 'yar'uwa a ikkilisiyarmu ta sami takardar ɗaukar aikin koyarwa daga wata makarantar kuɗi a Gwammaja. Ta sa hannu, ta ajiye aikinta na da a Sabon Gari. Saura kwana biyu a koma makaranta aka kira ta aka ce an fasa. Da ta kawo kuka, amsar da ta samu wurin yawancinmu ita ce, "Ki bar wa Allah."

Ni ina ganin mun gajarta mata. Addu'a wajibi ce, amma Manzo Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 25 ta nuna.

Ga abin da ya kamata dattawa su sani. Idan an ba mutum tayin aiki ya kuma karɓa, yarjejeniya ta ƙullu, ko da bai shiga aji ba tukuna. Idan tayin yana da sharaɗi, kamar gwajin lafiya ko tantance takardu, sai an cika shi. Alkawarin baki yana da wuyar tabbatarwa, saboda haka a adana takarda, saƙon waya, da shaidar barin tsohon aiki.

Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron irin wannan ƙara, kuma tana da reshe a Kano. Amma kada mu ruɗi kowa. Kotu ba ta cika tilasta wa mai makarantar kuɗi ya ɗauki wanda ba ya so ba. Diyya takan bayar, sau da yawa gwargwadon albashin wa'adin sallama. Aikin gwamnati ya bambanta. Wasu da Hukumar Rabon Arzikin Ƙasa ta janye takardunsu a 1999 sun yi nasara har Kotun Ƙoli, amma bayan kusan shekara ashirin.

Shi ya sa nake ba da shawara a fara da sulhu. Dattawa biyu su raka mai ƙorafi wurin mai makaranta cikin ladabi. In bai ji ba, lauya ya rubuta masa wasiƙa. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba a biyan ko kwabo. In hukumar gwamnati ce, kada a bari wata uku ya wuce, domin sukan fake da dokar wa'adin shigar da ƙara.

Wani gargaɗi: kada mu yi saurin cewa don addini ne. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambancin addini, amma zargi ba shaida ba ne, kuma a garin nan mun san abin da jita-jita ke haifarwa. Wani lokaci ɗan mai makaranta ne kawai ya gama karatu. Makarantun ikkilisiyoyinmu ma su duba kansu, ko suna cika alkawari.

Roƙona ga kowace majami'a: a nemi lauya ɗaya cikin masu bi da zai riƙa duba takardun matasanmu kafin su ajiye aikin da ke hannunsu.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.