Tumatir ɗan gida da ɗan kanti: Wane iri ya kamata mai lambu a Kebbi ya riƙe?

Da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, masu lambu a Cheberu da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo sukan koma fadama da bayan gida don yafa irin tumatir. Kafin a tayar da fangali, kowa sai ya yanke shawara kan irin da zai zuba: wanda aka matse daga tumatirin bara aka ƙulle a tsumma, ko wanda ake saya a leda a shagunan kayan noma na Jega da Birnin Kebbi.

A da wannan magana ce ta ɗanɗanon miya kawai. Yanzu ta koma maganar aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin ban-ruwa da taki da maganin feshi duk suka haura. Akasarin irin leda kuwa daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa na bin dala.

Iri uku ne a hannun manoma

Na farko shi ne na gado, wanda manoma ke kira da sunaye irin su Ɗan Eka, Tandino da Ɗan Siriya, gwargwadon yanki. Asalin tumatir dai daga Kudancin Amurka yake, amma waɗannan sun daɗe a hannun manoman Arewa, kowace shekara ana ware 'ya'yan da suka fi kyau a bar su don iri, har suka saba da ƙasar da yanayinta.

Na biyu su ne Roma da UC82B, wanda a kasuwa aka fi sani da UTC. An samar da Roma a Amurka a shekarun 1950, shi kuma UC82B ya fito daga Jami'ar Kalifoniya a shekarun 1970. An ƙirƙire su ne don masana'anta, shi ya sa suke da tauri da kauri. Su ma ana iya cire irinsu a sake shukawa.

Na uku shi ne iri mai aure, wanda ake ganin alamar F1 a jikin ledarsa, kamar Padma da Platinum da Cobra. Idan ya samu ruwa da taki yadda ya kamata, yakan fi sauran yabanya, wasu kuma na jure cututtukan da ke kashe tumatir da damina. Matsalarsa ɗaya ce: in aka matse 'ya'yansa aka shuka baɗi, ba ya fitowa kamar uwarsa. Wani ya yi tsawo, wani ya gajarce, 'ya'yan su bambanta. Dole a koma shago kowace shekara.

Kasuwa ce ke zaɓa wa manomi

Dillalin da zai loda kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas tumatir mai tauri yake nema, wanda zai yi kwanaki a kan hanya bai narke ba. Ɗan gida galibi yana da laushi da ruwa da yawan ƙwaya, saboda haka ba ya jure doguwar tafiya cikin kwandon da aka ɗora wani a kansa.

Masana'antu ma haka suke. Kamfanin Ɗangote da aka buɗe a Kadawa ta jihar Kano a 2016, mai ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, da na GBfoods da ke ƙaramar hukumar Ngaski a nan Kebbi, duk tumatir mai kauri da ƙarancin ruwa suke buƙata. Manufar gwamnatin tarayya ta 2017, wadda ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100, ita ma wannan ɓangaren ta ƙarfafa.

Manomin da ke noma don sayarwa bai yi laifi ba in ya bi abin da mai saye ke so. Sai dai duk shekarar da aka bar shuka wani tsohon iri a ƙauye, ƙwayarsa na ƙara raunana a ajiya, kuma in ya ƙare a hannun dattijon ƙarshe da ke riƙe da shi, babu shagon da za a same shi.

Abin da ake rasawa

Babban abokin gabar tumatir a wannan yanki zafi ne. In rana ta wuce digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, fure yakan kaɗe ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. A watan Afrilu kuwa zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Wannan ne ya sa tumatir ke yin arha kamar a zubar daga Janairu zuwa Maris, har a yanka shi a shanya kauɗa, sannan ya yi tsada daga Mayu zuwa tsakiyar damina.

Irin da ya shekara da shekaru yana rayuwa a wannan yanayi da ɗan taki kaɗan, akwai abin da ya ɗauko wanda masu binciken iri ke buƙata. Daga irin waɗannan tsofaffin ne ake zaƙulo juriyar zafi da ta cuta a haɗa sabon iri. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan, mai reshe a Bagauda ta Kano, ta fitar da sababbin iri masu suna HORTITOM a 2023, sannan cibiyar NACGRAB, ita ma a Ibadan, ita ce rumbun adana irin shuke-shuke na ƙasa. Amma rumbu ba ya ajiye abin da ba a kai masa ba.

A Amurka, masu lambun gida ne suka ceto tsofaffin iri kamar Brandywine da Cherokee Purple ta hanyar musayar ƙwaya a tsakaninsu, musamman bayan kafa ƙungiyar Seed Savers Exchange a 1975.

Duk da haka, ɗan gida ba maganin komai ba ne. Tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira Sharon, ba ta tambayar sunan iri. A 2016 ta yi ɓarnar da ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta kuma sake dawowa a 2023 da 2024.

Gwajin da kowa zai iya yi

Lambun bayan gida shi ne wurin da ya fi sauƙin gane gaskiya, domin ba dillali ake nomawa ba. Fangali uku sun isa: ɗan gida, UTC da mai aure, a dasa su rana ɗaya, a ba su ruwa da taki daidai wa daida. A riƙa rubuta wanda ya fara nuna, wanda ya fi cika kwano, wanda ya ci gaba da ɗaura 'ya'ya bayan zafi ya shigo, da wanda ya fi daɗewa a ɗaki bai ruɓe ba. Uwargida kuma ta faɗi wanda ya fi auki a tukunya. A ƙarshe a cire kuɗin iri da na feshi kafin a ce wane ya ci.

Adana irin ma ba wuya. Tumatir yakan yi wa kansa barbara, don haka ɗan gida da UTC sukan fito kamar iyayensu. A zaɓi nunannun 'ya'ya daga shuka mai lafiya, a matse a kwano, a bar shi kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa, sannan a rufe a kwalba a ajiye wuri mai sanyi da bushewa.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo, duk suna kusa da waɗannan lambuna. Tattara tsofaffin iri daga Gwandu da Kalgo, a rubuta sunayensu da halayensu, a aika wani kaso rumbun ƙasa, aiki ne da ɗalibai da malaman gona za su iya yi cikin rani ɗaya. Kafin a kai ga haka, mai lambun da zai sayi irin leda bana zai fi samun kwanciyar hankali in ya bar wa ɗan gida ko da fangali ɗaya ne.