Kafin ka ce masa "tashi mu gani"

Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya karaɗe Facebook da TikTok: matashi a gefen gareji ya haɗa jirgin sama da ƙarafan gwangwan da injin babur, farfela na juyawa, yara na ihu. Kai ma ka san sharhin da ke biyo baya. Wasu su ce Allah ya ɗaukaka, wasu su ce ina gwamnati take. Sai kuma masu cewa, "To ya tashi mana mu gani!" Wannan ta ƙarshen ce ta dame mu, don ita ce ke iya kai ɗan mutane kushewa.

Abin ba yau ya fara ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks mai shekara 24 a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu cikin wata takwas, da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Kafofin labaran duniya sun ɗauka. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, kuma ba shi da na'urar auna tsayi. Akwai masu dariyar ƙafa 7 ɗin nan. Mu hankali muka gani a ciki, domin wanda ya tsaya kusa da ƙasa yana da damar gyara kuskurensa washegari.

Yanzu bari mu yi magana da kai, mai walda a Gwandu, da ke ɗalibar kimiyya a Jami'ar Tarayya da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza. Babu mai cewa ku bar mafarkin. Mutane na haɗa jirgi a gida, kuma yana tashi lafiya lau. Kun san jirgin Air Beetle da Rundunar Sojin Saman Najeriya ta daɗe tana koyar da matuƙa da shi a baya? Asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, irin wanda ake sayar wa mutum gunduwa-gunduwa ya haɗa a garejinsa. A Kaduna aka haɗa namu, kusan guda 60. Bambancin shi ne an bi zanen da injiniyoyi suka lissafa, kowace kusa da ma'auninta. Ba a yi da ka ba.

Nauyi shi ne abokin gaba na farko. Ƙarfen da ake ƙofar gida da shi yana da ƙwari, amma ya yi wa fiffike nauyi, shi ya sa ake amfani da alminiyam da siraran bututun ƙarfe na musamman. Kuma ba yawan nauyin kaɗai ba, har inda ya zauna. Idan ya rinjaya baya, jirgi na barin ƙasa hancinsa zai miƙe sama, iska ta daina riƙe fukafukan, ya faɗo kamar buhun gero. Da sikeli a ƙarƙashin kowace taya da takarda da biro ake gano wannan, tun jirgin na tsakar gida.

Sai inji. Injin mota yana ba da cikakken ƙarfinsa ne idan yana juyi wajen sau 6,000 a minti, farfelar ƙaramin jirgi kuwa ba ta son wuce kamar 2,700, dole sai da giyar rage gudu a tsakani. Injin jirgi na ainihi filogi biyu ne a kowace silinda, ko ɗaya ya mutu ɗayan na ci. Mota in ta mutu a hanyar Jega sai ka gangara gefe ka kira bakanike. A sama gefen ina za ka gangara?

Ga kuma abin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba. A watan Afrilu zafin Kebbi kan haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, don haka inji na rage ƙarfi, jirgi na buƙatar fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iska. Man 'yan bumburutu kuwa, ɗigon ruwa kaɗan a ciki ya isa ya kashe inji a daidai lokacin tashi.

A Amurka, inda wannan harka ta fi yawa, sai jami'i ya duba jirgin kafin ya bar ƙasa. Bayan haka galibi sai an yi awa 25 ko 40 ana gwaji a keɓaɓɓen wuri nesa da cunkoson gidaje, ba ɗaukar fasinja, ana rubuta komai a littafi. Kafin nan ma an daɗe ana tada inji jirgin na ɗaure, ana gudu a ƙasa ana gwada birki. Da yawa ma ba su suke tashin farko da kansu ba, gogaggen matuƙi suke nema. Iya ƙera jirgi daban, iya tuƙa shi daban. A nan gida hukumar NCAA ce ke da ikon cewa jirgi ya cancanci tashi, kuma kar ka manta filin jirgin Sir Ahmadu Bello na nan Ambursa, wato sararin saman yankinmu ba fili ba ne na kowa da kowa.

Gwamnati na da laifinta, gaskiya ne. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, amma kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan talaka, kuma ya kamata Jihar Kebbi ta riƙa ɗaukar nauyin masu irin wannan baiwa. Sai dai kafin a kai can, akwai abin da ke hannunka. Fara da ƙaramin jirgi na rimot, na soso da batir. In ya faɗo sau goma, sau goma ka koyi wani abu, asarar kuma ta kuɗi ce kawai. Kai lissafinka wurin malaman injiniya a Kwalejin Waziri Umaru ko jami'ar Aliero su duba maka.

Kai kuma mai waya a hannu, in bidiyo na gaba ya iso gare ka, yaba masa, ya cancanta. Sannan ka tambaye shi kilo nawa jirgin yake, wa ya duba waldar, kuma awa nawa injin ya yi yana aiki a ƙasa bai mutu ba.