Tangarɗa a sararin sama: Me ya sa matuƙi ke juya akalar jirgi?

Lokaci zuwa lokaci akan ji labarin jirgin fasinja da ya tashi daga Kano ko Abuja, bai yi nisa ba ya juyo ya sauka inda ya taso saboda tangarɗar na'ura. Abin da ke biyo baya sananne ne: ɗan kasuwar da ke da alƙawari a Legas ya fusata, ma'aikacin da taro ya wuce shi ya shiga ƙorafi, jama'a kuma su yanke hukuncin cewa kamfanin ya gaza. Sai dai tarihin sufurin jiragen sama ya nuna cewa wannan juyowa ita ce alamar matuƙi ya san aikinsa.

Ana horar da matuƙa kan ƙa'ida mai hawa uku, kuma ba a sauya jerinta. Da farko a riƙe jirgin ya ci gaba da tafiya daidai, sannan a tantance inda ake da inda za a dosa, daga ƙarshe a sanar da jami'an hasumiya. Saboda haka da zarar ƙararrawar gargaɗi ta kaɗa sai matuƙan biyu su raba aiki. Ɗaya ya ci gaba da tuƙi, ɗayan ya buɗe kundin matakan gaggawa yana karantawa layi bayan layi. Ba a kashe inji sai dukansu biyu sun tabbatar cewa shi ne mai matsalar. Idan rayuka na cikin haɗari, matuƙi zai furta kalmar Mayday sau uku ta rediyo, yana iya kuma saita lambar 7700, wadda ke shaida wa hasumiya a ba shi hanya kafin kowa.

Abin da ke sa wannan tsari ya yi aiki shi ne yadda ake ƙera jiragen. Muhimman na'urori bibbiyu ne ko uku-uku, kuma ba a ba jirgi mai inji biyu lasisi sai an tabbatar zai iya tafiya ya sauka da inji ɗaya. Lalacewar na'ura guda takan bar wa matuƙi lokaci, abin tambaya shi ne yadda zai yi amfani da shi.

A ranar 4 ga Nuwamban 2010, jirgin Airbus A380 na kamfanin Qantas ya tashi daga Singafo zuwa Sidni ta Ostireliya da mutum 469. Mintuna kaɗan da tashi, ɗaya daga cikin injinansa huɗu ya tarwatse, ɓaraguzansa suka huda fiffike, suka tsinka wayoyi da bututan mai. Kyaftin Richard de Crespigny da abokan aikinsa ba su yi gaggawar sauka ba, ba su kuma ci gaba da tafiya ba. Sun yi ta shawagi kusa da filin jirgin Changi, suka shafe kusan minti 50 suna bin saƙonnin gargaɗin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, suka lissafa tsawon titin da jirgin ke buƙata, sannan suka sauka. Babu wanda ya ji rauni.

Najeriya kuwa ta ga ɗaya fuskar al'amarin. A ranar 3 ga Yunin 2012, jirgin Dana Air ƙirar MD-83 ya tashi daga Abuja zuwa Legas. Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta ƙasa ya ce inji na ɗaya ya rasa ƙarfi minti 17 da tashi, amma matuƙan ba su bi kundin matakai ba, ba su fahimci girman matsalar ba, ba su kuma sauka a filin jirgi mafi kusa ba. Da suka doshi Legas sai inji na biyu ma ya daina amsawa. Jirgin ya faɗi a unguwar Iju-Ishaga, duk mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu mazauna unguwar.

Jirgin Qantas ya fi lalacewa nesa ba kusa ba, amma matuƙansa sun ɗauki matsalar da muhimmanci tun daga farko. Wannan ne ya sa ake mayar da matuƙa na'urar kwaikwayon tuƙi a kai a kai, galibi duk wata shida, inda ake kashe musu inji da gangan a ga yadda za su yi. Ana kuma koya wa mataimaki ya buɗe baki ya gyara wa kyaftin idan ya ga kuskure, komai girman kyaftin ɗin.

Nauyin bai tsaya a kan matuƙi kaɗai ba. Juyowa tana cin kuɗi: man da aka ƙona, fasinjojin da za a sake wa jirgi, jadawalin da ya wargaje. A kasuwar da man jirgi ke da tsada, kayan gyara kuma sai da dala, akwai fargabar matuƙi ya ji nauyin juyowa. Wajibin hukumar NCAA ne ta tabbatar babu matuƙin da za a tsangwama don ya zaɓi sauka, ta kuma matsa wa kamfanoni kan kula da jiragensu tun suna ƙasa.

Fasinja yana da haƙƙin a yi masa bayani, a kuma kai shi inda ya biya kuɗi. Amma idan kyaftin ya sanar cewa za a koma, ya kamata a tuna da karin maganar Hausawa: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.