En'e Ta Shiga Ƙamus, "Lfy" Ta Tsaya a Waje

'Yan'uwa marubuta, muhawarar taƙaitattun kalmomi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a zamanmu na ƙungiya. Wasu sun ce duk wadda mutanen yau ba su sani ba a watsar da ita, ƙamus ba juji ba ne. Wasu kuma sun ce tunda kowa na rubuta "lfy" da "ngd", ai su ma a ba su gurbi. Mu dai ba mu tare da kowane ɓangare.

Ku ɗauki En'e. Asalinta haruffa biyu ne na Turanci, N da A, sunan hukumar gargajiya ta zamanin Turawa. Bahaushe ya tauna ta, ya mai da ita mace, ya ce "En'e ta ɗauke shi aiki". Haka ya yi wa Di'o. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 babu En'e, yaran yanzu ba su san ta ba. To, idan ɗayanmu ya buɗe tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo ya ci karo da ita, ko yana son rubuta labarin kakansa ɗan doka, wa zai tambaya? Ɓuyan kalma shi ke kai mutum ga ƙamus. Wa ke buɗe shi don neman ma'anar ruwa?

Nefa ma haka. An sauya sunan hukumar tun 2005, amma har gobe yara na ihun "Nefa sun kawo wuta". Jikokinmu za su buƙaci mai yi musu bayani.

Ita kuwa "lfy", wa ya taɓa jin an furta ta? Baki ba ya iyawa. Lafiya ce aka zare wa wasula saboda ƙiwar yatsa, lafiya kuwa tana cikin ƙamus tun na Bargery na 1934. Ba ta gurbi na biyu tamkar ɗaure wa masu cusa ta cikin labari gindi ne, kuma kun san muna da su, har jaruma ta ce wa mijinta "ngd" tana kuka. Gobe edita ya gyara, marubuci ya buɗe masa shafi ya ce ga ta nan.

Irin su S.A.W. da R.A., waɗanda ake rubutawa a taƙaice a karanta a cike, shafi guda a farkon ƙamus ya ishe su.