A Tsamo Abin Da Kogin Kwara Ya Haɗiye

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku sun addabi jiragen Ingila masu ɗauko abinci da kaya daga ƙasashen da take mulka, har da gyaɗar Kano. Ingila ba ta samu sa'ida ba sai da masananta na Bletchley Park, cikinsu har da Alan Turing, suka warware asirin na'urar Enigma wadda Jamusawa ke ɓoye saƙonninsu da ita. A watan Mayu na 1941 aka kama jirgin U-110 da takardunsa na sirri, aikin ya ƙara sauƙi. Da sanin inda abokin gaba ya laɓe, sai a kauce masa.

A Fabrairun wannan shekara kuwa Jamusawa sun nutsar da jirgin Gairsoppa, wanda ya biyo ta Firitawun ɗauke da azurfa. Shekara 70 yana kwance a zurfin mita 4,700, sa'an nan aka gano shi a 2011, aka tsamo azurfa fiye da tan 100 cikin 2012 da 2013. An iya haka ne domin akwai rubutaccen bayanin kayansa da wajen da ya nutse.

To, mu dubi namu. Kogin Kwara da ya ratsa ƙasar Bagudo shi ne hanyar 'yan kasuwar Lolo da Illo, da maƙwabtansu na Janhuriyar Benin da Nijar. A watan Satumba na 2017 wani jirgi da ya taso daga Gaya zuwa kasuwar Lolo ya kife, mutum fiye da 30 suka rasu. A Mayun 2021 aka yi wanda ya fi shi muni a kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski. Allah ya jiƙansu.

Kowa ya san lodin da ya wuce kima da tsufan jirage su ne manyan dalilai. Amma akwai maƙiyin da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa: kututturan itatuwa, da duwatsu, da gawar jiragen da suka nutse aka bar su nan. Da rani ana hango su, da ruwa ya cika sai su ɓace, direba ya hau su cikin dare.

Wani zai ce ina kuɗin wannan aiki? Ai zurfin Kwara bai kai ko kusa da na teku ba. Masunta da sarakunan ruwa sun san kogin nan kamar tafin hannunsu, sai dai saninsu yana cikin ka, in tsoho ya rasu ya tafi da shi.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, da Gwamnatin Jihar Kebbi, su zauna da waɗannan dattawa, a rubuta kowane wuri mai haɗari daga Lolo zuwa Yawuri, a kafa masa alama. Da rani a ɗauki masu nitso a biya su, su janye abin da za a iya janyewa. A kuma shirya da hukumomin Benin da Nijar su riƙa sanar da juna duk jirgin da ya nutse. Ranin bana ya isa a fara.