Furoje ya yi nasara? To, a kan wa aka gwada shi?

Da wuya a samu furojen da ya nannaɗe tabarmarsa a ƙasar nan ba tare da ya bar rahoton nasara ba. An raba takin zamani, gero ya yi kyau, sai a buga tambari. Ba mai tambayar ko damina ce ta yi albarka a shekarar, har gonar da ba ta ga taki ba ita ma ta cika rumbu. Alhali ɗan kasuwar Maraɗi ba ya sayen buhu don ya ga hatsin da ke bakinsa. Sai ya soke shi sama da tsakiya da ƙasa. Abin da ake yi wa buhu guda ya kamata a yi wa aikin da ya ci miliyoyi.

Ba sai an je Turai neman misali ba. A Madarunfa, daga 2014, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci MSF, tare da ma'aikatar kiwon lafiya, ta gwada wani rigakafin zawon jarirai da ake ƙerawa a Indiya, mai jure zafi. An raba jarirai gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ɗiga musu rigakafin, rabi aka ɗiga musu wani ruwa mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Uwaye ba su san wanda ɗansu ya samu ba, masu duba yaran ma haka. Sakamakon ya fito a 2017: cikin jarirai 3,508, zawo mai tsanani na ƙwayar rota ya kama 31 a gidan rigakafi, ya kama 87 a ɗaya gidan. Wato rigakafin ya kawar da kusan biyu cikin uku na irin wannan ciwo.

Kowane mataki da dalilinsa. Gida na biyu shi ke nuna abin da zai faru in ba a yi kome ba. Ƙuri'a ita ke hana a tara yaran masu hali da na kusa da likita a gefe ɗaya. Ɓoye wa kowa abin da aka ɗiga shi ke hana ido ganin abin da zuciya ke so.

Irin wannan gwaji yana iya kunyata mai shi, kuma nan darajarsa take. A Madarunfa ɗin dai an gwada ba yara masu tamowa mai tsanani, waɗanda ba su da wani ciwo a kai, maganin amoksisilin. Sakamakon 2016 bai nuna wani bambanci abin dogaro ba wajen yawan waɗanda suka warke. Da warkewar waɗanda suka sha kawai aka ƙirga, da an yi wa maganin kirari.

Wasu za su ce zalunci ne a ba wani a hana wani. Maganar tana da nauyi, kuma abin da aka riga aka tabbatar yana ceton rai bai halatta a hana shi kowa ba. Amma inda ba a sani ba tukuna, kuma kuɗin bai isa kowane ƙauye ba, zaɓe ya zama tilas. Ƙuri'a a gaban jama'a ta fi adalci a kan a kai kaya ƙauyen da ke da uwa a gindin murhu.

Saboda haka, duk ma'aikacin da aka aje wa rahoto a tebur, kafin ya sa hannu, ya yi tambaya uku. Da su wa aka kwatanta? Wa ya zaɓi waɗanda suka samu, kuma ta yaya? Mutum nawa aka fara da su, nawa suka ɓace kafin ƙarshe? Rahoton da ya kasa amsa su labari ne kawai, kuma bai cancanci a ci sabon bashi da sunan talakawa a kansa ba.