Mai Yin Doka Ya Fara Sanin Burtali



Akwai ilmi iri biyu da ake koyarwa a manyan makarantu, waɗanda galibinmu ba mu taɓa zama ajinsu ba, amma kuwa su ne ke yanke mana inda saniya za ta taka da inda ba za ta taka ba. Na farko shi ne ilmin zaman jama'a, wato binciken yadda mutane ke rayuwa a zahiri: wa ke noma, wa ke kiwo, yaya suke raba ruwa da ciyawa, wa suke kai wa ƙara idan sun saɓa. Na biyu shi ne ilmin tsarin mulki, wanda ke tambayar wa ya cancanci ya mallaki ƙasa, mene ne haƙƙin talaka a kan hukuma, mece ce adalci. Ra'ayina shi ne, duk lokacin da na biyun ya yi gaba ya bar na farkon a baya, to, makiyayi ne ke biyan kuɗin. Ga dalilaina.

Mu fara da dokar ƙasa ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 6 ga Yuli, 1974, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan garinmu na Garwa. Dokar ta ce duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka tana cikin ƙasar al'umma, kuma gwamnati ce ke kula da ita. Ta ambaci wuraren kiwo, ba za a ce ta manta da su ba, amma ta sa sharaɗi: sai an ga alamar hannun mutum a fili, an ga kuma an raya wurin. To, jama'a, manomi yana da kunya da shuka, mai gida yana da katanga. Makiyayi fa? Alamar aikinsa ita ce ciyawar da ya bari ta tsiro bayan ya tashi. Ma'aikacin da ya zo aunawa da damina ya tarar da mashekarin rani babu kowa, sai ya rubuta cewa fili ne wanda ba a amfani da shi. Tunanin da ke bayan wannan sharaɗi tsohon tunani ne na Turai, cewa wanda ya sare daji ya kafe a wuri ɗaya shi ne mai ƙasa. Ba a auna shi da zaman mutanen kwarin Binuwai ba.

Wani tunanin kuma ya zo daga Amurka. A 1968 wani malami mai suna Garrett Hardin ya rubuta cewa idan makiyaya ta kowa ce, kowane mai shanu zai yi ta ƙara garkensa har ciyawa ta ƙare, kowa ya yi hasara. Maganinsa shi ne a raba filin ga masu mallaka ko hukuma ta riƙe. Maganar ta yi daɗin ji, ta shiga kan masu ba da bashi da masu tsara ayyukan raya ƙasa a Afirka. Amma misali ne na tunani kawai, bai zauna a ruga ba. Wata malama, Elinor Ostrom, ta tattara binciken da aka yi a wuraren kiwo da kamun kifi da ban-ruwa na ƙasashe da dama, ta nuna a littafinta na 1990 cewa al'ummomi da yawa sun daɗe suna tafiyar da abin tarayya ba tare da sun lalata shi ba. A 2009 aka ba ta kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Ba sai mun je nesa ba ma. A fadamar kogin Logon, wadda Fulani ke kira yaayre, wani mai bincike Mark Moritz da abokan aikinsa sun yi shekaru suna bin makiyaya, Fulani da Larabawan Shuwa, suna ƙidayar rugage. Abin da suka samu shi ne, ba a hana kowa shiga, duk da haka shanu na rarrabuwa daidai da yawan ciyawa, domin kowane mai garke yana duba inda ya cika ya kauce. Abin da ya cutar da fadamar nan shi ne madatsar ruwan Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa, wadda ta tare ambaliyar da ke shayar da ciyawa, ga kuma farin shekarun da suka biyo. Sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa, wani ɓangare na fadamar ya farfaɗo. Da an tambayi masu kiwo da masunta tun farko, da sun faɗi haka kyauta.

A nan lardin Arewa ma mun gani. Tun shekarun 1970 gwamnati ta shiga kawo manoma daga lardin Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai, noman auduga ya bunƙasa, aka gama madatsar Lagdo a 1982, ruwa ya cinye wuraren da shanu ke cin rani. Ga gandun dajin Binuwai, da na Buba Njida, da na Faro, ga kuma yankunan farauta da ke kewaye da su, waɗanda gaba ɗaya suka ɗauki fiye da kashi 40 cikin 100 na lardin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa a takarda, kuma manomin da ya zo neman abinci ba shi da laifi. Amma da aka haɗa su wuri ɗaya, sai burtali ya matse, mashaya ta zama lambu, makiyayi ya wayi gari duk inda ya juya ɓarna ce ko tara.

To, kada wani ya ɗauka ina cewa a bar komai yadda aka same shi. Ilmin zaman jama'a yana faɗa maka abin da ake yi, ba ya faɗa maka ko daidai ne. Mai bincike zai rubuta cewa makiyayi na kai gaisuwa fada kafin ya sauka, wannan gaskiya ne. Zai kuma rubuta cewa a wasu wurare ana karɓar gaisuwar bana, baɗi a ba mai auduga filin. Wannan ma gaskiya ne, amma zalunci ne, kuma sai da ma'aunin adalci ake iya kiransa da sunansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa abubuwan da sarakunan zamaninsa ke yi, har da jangali, sa'an nan ya auna su da shari'a. Ya san halin da ake ciki, ya kuma san abin da ya kamata. Haka Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, sai da ya nazarci zaman mutanen daji da na birni kafin ya yi magana a kan yadda mulki ke kafuwa da yadda yake rushewa. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maƙwabtanmu sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A Nijar dokar karkara ta 1993 ta amince cewa makiyaya na da fifikon amfani a yankin da suka saba komawa, ko da ba su yi shuka ba. A 2010 kuma aka yi dokar kiwo wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne da hukuma ta amince da shi. Mali ma ta yi tata a 2001. Ba mu ce rigima ta ƙare a can ba, amma makiyayi na da abin da zai nuna wa alƙali.

Mu ma muna da ƙofar da ba mu cika shiga ba. Dokar 3 ga Yuli, 1978 ta kafa kwamiti a kowace gunduma, ƙarƙashin shugaban gunduma na gwamnati, da ma'aikatan noma da na dabbobi da sarakunan gargajiya. Aikinsa ba sasanta ɓarna kaɗai ba ne, har da ware wurin noma da na kiwo. Mu kuwa ba ma tunawa da shi sai shanu sun shiga gona, lokacin da kowa ya fusata.

Saboda haka kirana ga arɗo-arɗo da shugabannin rassanmu shi ne, kowane yanki ya zauna da dattawansa a rubuta burtali da mashaya da hurumi da mashekari, da sunayensu, da watannin da ake amfani da su, da shekarun da aka yi ana bi. A gayyaci manoman da ke maƙwabtaka su sa hannu, a kai wa kwamitin gunduma tun kafin ruwan fari ya sauka. 'Ya'yanmu da ke jami'ar Ngaundare da ta Marwa su zo da biro su taimaka, su kuma yi bincikensu a rugagen iyayensu. Abin da ke cikin kan tsoho ba ya shiga ofis sai an sa shi a takarda.

Ga masu yin doka a Yawunde kuma, roƙonmu ɗaya ne: duk sa'ad da za a taɓa dokar ƙasa, a rubuta ƙarara cewa kiwo raya ƙasa ne, kamar yadda noma yake, kuma a zo a ga yadda muke zaune da rani da damina kafin a ɗauki alƙalami.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.